Motar da Ke Kuka da Tsakar Rana

Kwanakin baya wani saurayi ya zo garejina da takardar shaidar karatunsa a cikin leda, ya ce yana so ya koyi rewaya, wato gyaran wayar mota, amma a gaggauce, domin ya riga ya kalli yawancin aikin a waya. Na tambaye shi abin da zai yi idan aka kawo masa mota jiniyar tsaronta na kuka ba gaira ba dalili. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Oga, ai sai a lalubo wayar jiniyar a datse." Abokan da suka rako shi suka gyaɗa kai. Ban yi masa faɗa ba, don na san masu sana'ar da yawa haka za su amsa, kuma wani lokacin datsewar ba laifi ba ce. Amma saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan. Ban ce na fi kowa sani ba. Abin da na gani da idona zan faɗa, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Sunana Nasiru, a Unguwar Hajji aka haife ni, nan ƙasar Karaye. Na yi difloma a fannin lantarki a Kano, na dawo gida na zauna jiran aikin gwamnati har takalmin da na saya don zuwa neman aikin ya bushe a ƙarƙashin gado. Daga nan mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Iro, mai gyaran wayar mota a bakin tasha. Tun ranar 'yan tasha suka laƙaba mini Injiniya. Da fari tsokana ce, yanzu kuwa har a gida wani lokaci haka ake kirana.

Aikin farko da Malam Iro ya bari na taɓa, wata tsohuwar bas ce mai jigilar gyaɗa, wadda fitilunta ke dushewa duk lokacin da aka danna hon. Na ɗauko filaya zan fara warware dunƙulen wayoyin, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce in fara zuwa in tambayi direban inda motar ke kwana da inda take wuni. Na je. Direban ya ce a bakin rafi take wuni, can ake wanke ta, ruwa har cikin inji. Ashe wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin motar ce ta yi tsatsa. Muka kankare muka ɗaure, aiki ya ƙare. Malam Iro bai iya karanta zanen wayoyi ba, ni na iya. Ni ban saba sauraron direba ba, shi ya saba. Haka muka yi ta musayar abin da ke hannunmu har Allah Ya karɓi abinsa, ya bar mini teburin katako da inuwar darbejiyar da nake aiki a ƙarƙashinta har yau.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai fitilar gwaji, wato ƙwan fitila ɗaya da waya, wadda ke nuna maka ko wuta ta iso wuri. Akwai mitar auna wuta, da filaya, da sukudireba, da baƙin tef. Daga baya kwamfuta ta zo, wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Ita kaɗai samari ke gani. Suna zaton da an jona ta za ta faɗi sunan cutar da maganinta. A iya abin da na gani, inda mota ta ji ciwo take faɗa, ba ta faɗin abin da ya ji mata ciwon. Wannan kai za ka nemo, da ƙafa da kunne da haƙuri.

Shekarar da aka cire tallafin mai ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Mutane suka ajiye motoci a gida suka lulluɓe da tamfol. Sai in wuni a ƙarƙashin darbejiya ko fiyus ban canza ba. Wani abokin sana'ata ya koma gona, wani ya buɗe shagon cajin waya. Ni na shiga haɗa sola a gidaje da rijiyoyin burtsatse. A zirga-zirgar sayen kayan solar ne na fara ganin kekuna da motoci masu aiki da lantarki a Kano, na ce a raina ko ba daɗe ko ba jima za su iso mu. Na samu wani gareji da ake gyara su, na roƙi mai wurin, na koma ɗan koyo da furfura a gemuna. Abu na farko da ya nuna mini shi ne wayoyi masu kauri, ruwan goro. Ya ce wannan ba batirin da ka saba haɗa wa waya ka ga tartsatsi ba ne, wanda ya yanke su da filaya a makara za a ɗauke shi. Tun daga ranar nake da safar hannu ta roba mai kauri, kuma kullum sai na hura ta na ga ba ta huje ba kafin in sa.

Motar lantarki ta farko da aka kawo mini nan Karaye ta Alhaji Sabi'u ce, dillalin hatsi a Rogo. Ƙanensa da ke Kano ne ya sayo masa ita a lokacin sanyi, ƙirar ƙasar Sin, fara, gilasanta masu ɗan duhu. Da solar gidansa yake yi mata caji. Ya iso da ita da kansa wata safiya a tsakiyar bazara, lokacin da ko tsuntsu ba ya son tashi. Muka gaisa, na tambayi iyali da kasuwa da zafi, na ba shi benci. Bai zauna ba.

"Injiniya," ya ce, "ko motar nan ta haukace, ko direbana maƙaryaci ne. Ina so ka gaya mini wanne ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini bayani daga farko."

Direban nasa sunansa Ɗanlami, dattijo ne mutumin Gwangwan, tun zamanin mahaifin Alhaji yake tuƙa motocin gidan. Duk ranar kasuwa yakan kai Alhaji sitonsa, ya ajiye motar a filin gaban siton, ya kulle, ya koma bayan katanga ya huta. Tun da zafi ya shigo, in ji Alhaji, da rana ta take sai jiniyar motar ta ɓarke da kuka, wayar Alhaji kuma ta kawo saƙo cewa akwai mai motsi a ciki. Kafin ya fito daga cikin sito, sai ya tarar da Ɗanlami a cikin motar, ƙofa a buɗe, yana ta danne-danne. Ɗanlami ya ce kukan ya ji ya rugo da gudu don ya kashe. Alhaji ya yarda a karon farko, ya yarda a na biyu. Ranar da ya sa hannu a bakin esi ya ji iska mai sanyi na fitowa, ya kuma ga caji ya ragu alhali motar ba ta motsa ba, ranar ya daina yarda.

"Shiga yake yi ya kulle kansa ya kunna esi ya yi barci," in ji Alhaji. "In ya juya, motar ta tona masa asiri. Ba cajin ne ya dame ni ba, wallahi da ya tambaya sai in ce ya kwanta. Rantsuwar ce. A gaban mutane ya rantse bai shiga ba. Yanzu 'yan dako Mai Esi suke kiransa. Na karɓe makullin, na ce ya zauna a gida. Ranar kasuwa mai zuwa zan miƙa wa wani. Amma ba na so in ɗauki alhakinsa, shi ya sa na zo. In motar lafiyarta ƙalau, magana ta ƙare."

Na ce zan duba, amma ban yi alkawarin zan gano ba. Ya bar mini makulli ɗaya ya hau motar haya.

Na jona kwamfuta. Kwamfutata ba ta jin yaren motar sosai, abin da na iya tsinta kawai shi ne ba ƙofa ce ke ta da jiniyar ba, motsi ne daga ciki. A rufin motar, kusa da fitilar ciki, akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar maɓallin riga. Sansa muke ce musu. Yadda aka koya mini, suna fitar da wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, su saurari dawowarsa, in wani abu ya motsa a ciki sautin ya canza, sai su ta da jiniya. Na goge su, na gwada su. Na zauna a ciki na kulle, na ɗaga hannu, motar ta kwarma ihu har awakin tasha suka watse. Wato sansar lafiya lau. Wannan bai yi wa Ɗanlami daɗi ba, domin abin da na yi shi ne daidai abin da ake zarginsa da shi.

Na kulle ta na bar ta a ƙarƙashin darbejiya, na kasa kunne. Shiru. Gari ya waye, rana ta take, ta faɗi, shiru. Alhaji ya bugo waya, na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Ka gani? Da ta rabu da shi ta warke."

Maƙwabcina a tasha, Sale mai faci, yana jin duk abin da ake ciki. Ya jawo bencinsa ya ce, "Injiniya, kai wahalar da kanka kake yi. Datse jiniyar, ka ce wa Alhaji ita ce ta lalace. Tsoho ya koma bakin aikinsa, kai ka huta, mu ma kunnenmu ya huta. Ƙaryar da ta gyara zumunci ai ba a rubuta ta."

Na ce, "Wa ya gaya maka ba a rubuta ta?"

"To Malam, a ja mana aya."

"Ba aya zan ja ba. In na datse, sanyin da Alhaji ya ji da hannunsa fa? Cajin fa? Zai mayar da shi don kunya, amma kullum da ido ɗaya zai riƙa kallonsa. 'Yan dako kuma ba za su daina kiransa Mai Esi ba. Sannan in har bai shiga ɗin ba, jiniyar nan ita kaɗai ce shaidarsa. Ka ce in yanke wa shaida harshe?"

Sale ya ce, "In kuma ya shiga fa?"

Na ce ban sani ba. Kuma da gaske ban sani ba. Ban taɓa ganin Ɗanlami ba a lokacin.

Tambayar Malam Iro ce ta dawo mini: ina motar ke wuni? Alhaji ya faɗa da bakinsa, filin gaban sito, inda babu ko inuwar turke. Ni kuwa na ajiye ta a wuri mafi sanyi a duk tashar. Washegari da hantsi na fitar da ita tsakiyar fili, na kulle, na ɗauko kujera na zauna kusa da ita a cikin rana. Sale yana ta yi mini kirari, wai Injiniya ya koma shanya kansa kamar kuɓewa. Can wajen azahar na ji wani ɗan gurnani daga gaban motar. Na kafa fuska a gilashi na kare da hannu. Ba kowa a ciki, makulli na aljihuna, amma fanka na aiki. Da na buɗe na sa hannu a bakin esi, iska mai sanyi.

Na shiga cikin allon motar ina bi ɗaya bayan ɗaya. Rabin rubutun da Sinanci yake, sai da na riƙa ɗora wayata a kai tana fassara mini. Na samu wurin. An yi motar ne ta yadda in an kulle ta a rana, cikinta ya yi zafi ya wuce kima, za ta kunna fanka da esi da kanta ta rage zafin, don kada allon da kujerun su lalace, wataƙila kuma don gudun a manta da wani abu mai rai a ciki. A lokacin sanyi ba ta taɓa buƙatar yin haka ba, shi ya sa ba wanda ya sani. Na ji an ce a wasu motocin, in ka kunna wannan sanyayawar sai sansar ciki ta kashe kanta, don masu ƙirar sun san iska na iya ruɗa ta. A wannan dai duka biyun a kunne suke. Ko haka aka ƙera ta, ko wani ya taɓa kafin ta iso, ban sani ba.

Na sake kullewa na jira. Fanka ta tashi, ta yi aikinta, ta tsaya. Jiniya ko tari ba ta yi ba. Na samu rabin amsa ke nan, rabin da ya fi sauƙi.

Na buga wa Alhaji waya na yi masa bayanin sanyi da caji. Ya ce, "To na ji. Kukan fa? Wayata cewa take akwai mai motsi. Iska mutum ce? Ga ta nan a wurinka tana hura iskar, ta yi kuka? Kuma in ba shi da abin ɓoyewa, me ya sa yake rufe gilashin gaba da darduma?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace darduma?"

"Dardumar sallarsa mana. Kullum sai ya baza ta a gilashi ta ciki, don kada a hango shi."

Ya ƙara da cewa jibi kasuwa, in kai masa motar Rogo da safe, ko na gano ko ban gano ba.

Washegari na gwada da tawa dardumar, irin ta roba ce mai tauri. Na jingina ta a gilashi, na shanya motar. Fanka ta tashi, darduma ko gezau, jiniya shiru. Rana ta karkata, damar gwaji ta wuce, domin wannan aiki ne da ba a yin sa sai rana na tsaka. Na rufe gareji na hau babur na nufi Gwangwan.

Na tarar da Ɗanlami a gona yana sharar kara, ana shirin damina. Dogo ne siriri, da hular da ta sha wanki. Na yi sallama, muka gaisa, na tambayi gida da aiki, na faɗi ko ni wane ne.

"Kai ne likitan motar," ya ce. "To me ta ce maka? Ta ce na shiga?"

"Baba, ba ta ce ka shiga ba, ba ta kuma ce ba ka shiga ba. Dardumarka na zo gani."

Ya dube ni kamar zai kore ni, sannan ya je gindin wata ɗorawa ya ɗauko ta. Mai laushi ce, ta yi sakayau don tsufa, da doguwar geza a kai da ƙafa. Ya ce mahaifin Alhaji ne ya ba shi tsarabar Makka. Na tambaye shi yadda yake sa ta. Ya ce tun yana tuƙa babbar mota haka yake yi, duk direban da ya san rana haka yake yi: ka maƙale gefe ɗaya a bayan marfin kare rana, sauran ya sauko ya rufe gilashi, don kada sitiyari ya ƙona hannu, kada gaban mota ya tsattsage. Gefen ƙasa kuwa yana sauka ne daidai kan ramukan da iska ke fitowa ta gindin gilashi.

Na gaya masa abin da nake zato, na kuma gaya masa zato ne. Na roƙe shi ya zo kasuwa gobe ya ajiye motar da hannunsa yadda ya saba.

"Na rantse sau ɗaya a kasuwar nan," ya ce, "yara suna dariya. Ba zan koma in tsaya a yi mini shari'a da mota ba. Wanda ya goya Sabi'u a kafaɗa ya kai shi kallon babbar mota, yau shi ne ɓarawon iska."

"To ba ni aron dardumar."

"Darduma ba ta zuwa inda ban je ba." Ya naɗe ta ya saɓa. Can ya ce, "In na zo, ba ta yi kukan ba fa?"

"To abin zai fi na da muni, Baba. Ba zan ɓoye maka ba. Ban gwada da irin taka ba, kuma babu lokacin gwadawa. Ina kyautata zato, amma ban tabbata ba."

Ya dubi gonar. Sannan ya ce, "Da ka ce ka tabbata, da ban zo ba. Duk wanda ya yi magana a kan abin nan ya tabbata. Kai kaɗai ne ba ka tabbata ba. Je ka, sai goben."

Ranar kasuwa na kai motar Rogo da hantsi. Ɗanlami ya riga ni isa, yana tsaye nesa da siton da dardumarsa a kafaɗa. Na roƙi Alhaji abu uku: Ɗanlami ya ajiye motar inda ya saba, ya sa darduma yadda ya saba, sannan makullan duka biyu su shiga aljihun Alhaji, Ɗanlami kuma ya zauna kusa da shi a bakin sito inda kowa ke ganinsa. Alhaji ya ce ba komai. Suka gaisa a taƙaice, kowa na kallon gefe. Kafin a kulle na sa Alhaji ya leƙa ko'ina, har but ɗin kaya na baya, ya tabbatar ba kowa.

Labari ba ya kwana a kasuwa. Kafin rana ta take 'yan dako sun taru, masu awo sun bar mudu, har mai rake ya turo baronsa kusa. Wani daga baya ya ce, "Yau Mai Esi zai sha zafi tare da mu." Aka yi dariya. Ɗanlami bai ɗaga kai ba, carbinsa kawai yake ja. Ni ina tsaye a jikin motar, ban taɓa ta ba, na sa hannuwana a baya don kada a ce na yi wani abu.

Aka daɗe. Wani ɗan gajimare ya taso daga gabas ya rufe rana, na bi shi da ido har ya wuce. Mutane suka fara gajiya, wasu suka koma rumfunansu. Wani ya ce, "Injiniya, ko sai an kunna mata waƙa?" Alhaji ya dubi agogo, ya ce an kusa kiran salla. Na ce a ƙara haƙuri kaɗan.

Sai gurnanin ya tashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, taso ka gani, amma kada a taɓa motar." Alhaji ya taso ya kafa fuska a gilashin gefe. Gezar dardumar ta fara rawa a hankali, kamar gemun masara. Jiniya shiru. Na ji wani ya yi tsaki a bayana. Fankar ta ƙara ƙarfi, gefen dardumar ya cika da iska ya ɗaga, ya faɗo, ya sake ɗagawa.

Motar ta ɓarke da ihu.

Fitilu na walƙiya, jakin wani mai itace ya tsinke igiya, wayar Alhaji na ƙara a aljihunsa tana gaya masa akwai mai motsi a ciki. Kowa ya juya ya dubi bakin sito. Ɗanlami na zaune inda yake, carbi a hannu.

Na ce, "Alhaji, danna makullin ta yi shiru."

Ya ce, "A'a. Bar ta."

"Za ta tara mutane."

"Su nake so. Waɗanda suka ji na farko su zo su ji wannan."

Haka ya bar ta tana kuka har kasuwar ta juyo kanmu, 'yan hatsi da 'yan gyaɗa da mahauta. Duk wanda ya iso sai Alhaji ya ce masa leƙa ka gani, wa ke ciki? Sai da filin ya cika sannan ya ratsa mutane ya je gaban Ɗanlami, ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin mai arziki ya yi a kasuwa ba. Ya ɗaga murya yadda za ta fi jiniyar.

"Baba Ɗanlami, na zalunce ka. Ka rantse ban yarda ba. Ka yafe mini don Allah." Ya miƙa masa makulli da hannu biyu.

Ɗanlami ya dubi makullin ya dubi Alhaji. Ya ce, "Mayar da hularka, Sabi'u, rana za ta ƙona maka sanƙo, kai ba ka da esi a ka." Mutane suka fashe da dariya. Ya ce, "Na yafe. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ya karɓi makullin ya miƙe. Daga inda yake zai iya dannawa ta yi shiru, amma bai danna ba. Ya gyara rigarsa, ya taka a hankali, mutane na buɗe masa hanya, yana amsa gaisuwar wannan da wancan, motar na ta kiransa. Duk kukan da ta yi a baya da gudu yake zuwa. Ranar nan sai da ya ga dama ya isa.

Gyaran kansa bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Na nuna wa Alhaji da Ɗanlami wurare biyu a allon: ko a kashe sanyayawar, ko a kashe sansar ciki in za a bar motar a rana. Na faɗi amfanin kowanne da abin da nake tsoro a kowanne, domin in ka kashe sansar, wanda ya fasa gilashi ya zura hannu ba lalle motar ta ji shi ba, in kuma ka kashe sanyayawar, ban san abin da zafinmu zai yi wa allon ba a kwana a tashi. Suna cikin shawara Ɗanlami ya ce kada a kashe ko ɗaya. Ya zare dardumar, ya fito, ya shimfiɗa ta a kan gilashin ta waje, ya danne da ƙarafan share ruwa. Muka kulle muka jira fanka ta sake tashi. Shiru. Na ce a ci gaba da lura, don gwaji ɗaya ba ya zama hujja, kuma kada a rataya carbi ko turare a madubi. Har bazarar ta fita ina buga waya duk ranar kasuwa ina tambaya, sai da Ɗanlami ya ce in na sake bugowa zai sa mini suna Mai Jiniya.

Saurayin nan mai takarda a leda ya dawo, na karɓe shi. Na ba shi fitilar gwaji da mita, na nuna masa safar roba da yadda ake hura ta. Ya tambaye ni yaushe zan ba shi filaya. Na nuna masa wata motar haya da aka kawo da safe, direbanta na zaune a wurin mai shayi, na ce ya fara zuwa ya tambayo mini inda take wuni.